Wa Yarinya Za Ta Gaya Wa? Maganar Fyaɗe Da Riƙon Amana A Makarantun Birnin Gwari

A farkon shekarar 2022 Ma'aikatar Tsaro da Harkokin Cikin Gida ta Jihar Kaduna ta kai wa Gwamna Malam Nasiru El-Rufa'i lissafin ɓarnar da 'yan bindiga da sauran fitinu suka yi a jihar cikin 2021. Kwamishinan ma'aikatar na wannan lokaci, Mista Samuel Aruwan, shi ya karanta. An kashe mutum 1,192. An sace mutum 3,348. An kore dabbobi 13,788. Da aka zo kan waɗanda aka yi wa fyaɗe, sai aka ce 45.

To, ku akawuna da malaman makaranta, lissafi aikinku ne, sai ku dubi waɗannan alƙaluma da kyau. Wanda aka kore wa saniya ba ya kwana sai ya je ƙofar mai unguwa ya faɗi launinta, da irin ƙahonta, da tsagar da ke kunnenta. Shi ya sa aka san yawan dabbobin nan har da takwas ɗin da ke bisa. Amma matar da aka ɗauke daga gona, ta yi wata guda a daji, aka sayar da hatsin gida aka fanso ta, in ta dawo sai a yi mata barka da arziki, a kai mata ruwan wanka, kowa ya ja bakinsa. Mai rubuta rahoto ba shi da laifi, gama abin da aka kawo masa shi ya rubuta. Abin da 45 ɗin nan ke nunawa shi ne yawan waɗanda maganarsu ta kai kunnen hukuma. Sauran suna nan cikin gidaje, waɗansunsu kuwa suna zaune a kan benci gabanku kowace safiya.

Ƙasar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja. Tun zamanin Turawa tana da En'e ta kanta a cikin Lardin Zazzau. A ƙasarta ne aka keɓe dajin Kamuku a 1936, wanda Gwamnatin Tarayya ta karɓa ta mai da shi gandun ƙasa a 1999. Faɗinsa ya fi murabba'in mil 400, ya kuma haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Dajin da aka tanada domin giwaye da gwanki shi ya zama maɓoyar ɓarayin shanu, daga baya suka ga satar mutane ta fi riba, suka koma kanta. A watan Mayu 2018 suka faɗa wa ƙauyen Gwaska suka kashe mutum fiye da 40. Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na II, Allah ya ba shi nasara, ya sha kai kuka ga hukuma. Hanyar Kaduna, wadda ta bi ta Udawa da Buruku, ta yi shekaru ba a binta sai da rakiyar soja.

Makarantu ba su tsira ba. A watan Maris 2021 aka shiga firamaren Rama a ƙasar Birnin Gwari aka tafi da malamai uku. Cikin wannan wata har wa yau aka kwashe ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, kusa da inda hanyar Birnin Gwari ta fita daga Kaduna, 23 daga cikinsu mata ne, na ƙarshensu ba su dawo ba sai a watan Mayu. A watan Maris 2024 aka kwashe 'yan makarantar Kuriga, a ƙasar Cikun kusa da iyakar Birnin Gwari, bayan kwana 17 aka sako yara 137, watau mata 76 da maza 61. Can yamma kuma, a Jihar Kebbi, 'yan matan Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da aka ɗauke a watan Yuni 2021, waɗansunsu ba su ga gida ba sai 2023, akwai ma waɗanda suka dawo da goyo. Ba aikin jarida ba ne ta tambayi wance da wance abin da ya same su a can, ba kuwa aikin maƙwabta ba ne. Abin tambaya shi ne, in ɗayarsu tana son ta yi magana, ƙofar wa za ta ƙwanƙwasa?

Kada kuma a ɗauka masifar duk daga daji ta ke fitowa. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da taimakon Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi bincike a kan cin zarafin yara a Nijeriya. Aka samu cikin kowaɗanne mata huɗu an taɓa yin lalata da ɗaya, ko an nemi yi, kafin ta cika shekara 18, cikin maza goma kuwa ɗaya. Galibi wanda ya aikata mutum ne da yaron ya sani. Waɗanda suka sami taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Kun tuna gidan nan na Rigasa da 'yan sanda suka buɗe a watan Satumba 2019, wanda a ke kira makarantar gyaran hali, aka fito da maza fiye da 300, manya da yara, waɗansu suka ce an yi lalata da su. Saboda haka duk inda muka ce yarinya a wannan bayani, ku sa yaro a ciki.

Gudun hijira ya daɗa dagula al'amarin. Yarinyar da aka raba da ƙauyensu aka ajiye ta a gidan wani ɗan'uwa a cikin gari, tana kwana inda aka samu, tana talla don a ci da yamma, ba ta da bakin ƙin abin da mai gida ko ɗansa ya nema. A watan Mayu 2024 Gwamnatin Kaduna ta ba da sanarwar za ta haɗe makarantu 359 da ke wurare masu hatsari da waɗansu, dabara ce mai kyau ta fuskar tsaro, amma tana ƙara wa yara nisan tafiya da zaman hannun baƙi. Akwai kuma ɗalibai matan aure da ke zuwa aji da kumburin ido su ce ƙofa ce ta buge su, da budurwar da saurayi ya riƙe hotonta a waya yana yi mata barazana da shi.

Rufin asiri iri biyu ne

Mu Hausawa babu addu'ar da mu ke so kamar a ce Allah ya rufa asiri. Amma a wannan sha'ani kalmar tana da fuska biyu, kuma an daɗe ana ba mu ɗaya a maimakon ɗaya.

Na farko shi ne wanda kowa ya sani. Yarinya ta gaya wa uwarta, uwa ta gaya wa uba, uba ya kira ƙanensa, aka je wurin mai unguwa da dare, aka kira iyayen yaron, ko hedimasta in malami ne. Aka yi faɗa, aka ba da haƙuri, wani lokaci a ba da ɗan abin sabulu. Sa'an nan aka ce a bar maganar domin kada a ɓata wa yarinya suna ta rasa miji. Ku ƙidaya mutanen da suka ji: sun fi goma, kowannensu kuwa yana da mata ko aboki. Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo an sani a bakin rijiya, an sani a teburin mai shayi, har an sami mai cewa in ɓera da sata daddawa ma da wari. Likita kaɗai ne bai ji ba. Asirin wa aka rufa ke nan? Mai laifi ya koma ajinsa, ko a yi masa canjin wurin aiki ya tafi wata makaranta inda ba wanda ya san halinsa. Yarinya kuwa an cire ta daga makaranta, ana neman wanda zai aure ta da gaggawa.

Na biyun shi ne wanda mu ke kira a kansa, sunansa na gaskiya amana. Ma'anarsa maganar tana hannun mai ita. Ita za ta zaɓi wanda zai ji, da lokacin da zai ji, da iyakar abin da zai ji. Wanda ta gaya wa aikinsa ya kai ta ga magani, ya nuna mata hanyoyin da ke gabanta, ya tsaya mata a kan wadda ta zaɓa.

Tsoro ne ke hana a faɗa, tsoron kuwa yana da tushe. Mutanen wannan yanki ba su manta da budurwar nan ta Tsafe ba, wadda kotun shari'a ta Zamfara ta yanke wa hukunci a shekarar 2000 bayan an gan ta da ciki. Ta ce tilasta ta aka yi, ta ambaci maza uku, suka musa aka sake su. Ita aka yi wa bulala 100 a watan Janairu 2001, har da farko an so a ƙara mata 80 na ƙazafi kafin a janye. Duk yarinyar da ta ji wannan labari darasi ɗaya za ta ɗauka, watau shiru ya fi.

Alhali kuwa littattafan da malamanmu ke karantarwa a zaure ba su bar ta haka ba. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya tabbatar da cewa wadda aka tilasta babu hukunci a kanta, hukunci yana kan wanda ya tilasta ta, kuma sai ya biya ta sadakin irinta. Risala ta Ibn Abi Zaid ta tsananta ga mai ciki marar miji da ta ce an tilasta ta, amma ta kawo abubuwan da ke wanke ta: a sami shaidar cewa ɗauke ta aka yi da ƙarfi, ko ta zo tana neman agaji lokacin da abin ya faru, ko a gan ta da jini. To, matar da aka kora cikin daji da bakin bindiga gaban mutanen gari, wace shaida ta rage kuma? Wadda kuma abin ya same ta a cikin gari, takardar da likita ya rubuta washegari ya kulle a ofishinsa ita ce za ta tsaya mata ranar da ta bukaci shaida. Ashe wanda ya hana ta zuwa asibiti da sunan rufin asiri ya raba ta da hujjarta ne ko a gaban alƙali.

Ta wajen dokar Gwamnati ma ba a yi sake ba. Tarayya ta yi dokar hana cin zarafin mutane a 2015, wadda ta sa maza cikin waɗanda a ke iya yi wa fyaɗe, ta hukunta dukan mata ko miji, ta kuma hana buga abin da zai bayyana wadda aka cuta. Kaduna ta yi tata a 2018. A watan Satumba 2020 Gwamna ya sa hannu a kan gyaran dokar laifuffuka, wanda ya ce duk namijin da aka kama da laifin yi wa yaro ko yarinya ƙasa da shekara 14 fyaɗe, a dandaƙe shi sa'an nan a kashe shi, in an wuce 14 kuwa dandaƙa da ɗaurin rai da rai. Hukunci ne mai tsanani ƙwarai. Sai dai a ganinmu tsananin nan yana da wani lahani da ba a cika faɗa ba: in mai laifin kawu ne ko ɗan maƙwabci, dangi sukan ƙara danne yarinya don kada a ce ita ta jawo aka kashe ɗan'uwa. Doka kome kaifinta ba ta fara aiki sai wani ya buɗe baki.

Ɗakin Salama da awa 72

Dabarar da aka samo ita ce a raba neman magani da kai ƙara. A 1986 aka buɗe wani ɗaki a Asibitin St Mary's na birnin Mancesta a Ingila, inda wadda aka yi wa fyaɗe za ta sami likita da mai ba da shawara a wuri guda, a ɗauki shaida a ajiye, ita kuma ta yanke shawarar kai ƙara daga baya in ta ga dama. Na farko irinsa a Nijeriya shi ne Cibiyar Mirabel, wadda wata lauya, Itoro Eze-Anaba, ta kafa a Asibitin Koyarwa na Jihar Ikko da ke Ikeja a 2013. Jihar Kaduna ta sa wa nata suna Salama. An buɗe na farko a Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri a 2016, a 2019 aka ƙara uku: Asibitin Yusuf Ɗantsoho na Tudun Wada, da Asibitin Gambo Sawaba na Zariya, da Asibitin Patrick Yakowa na Kafancan. An kafa su a kan a duba mutum, a ba shi magani da shawara, a haɗa shi da lauya in yana so, duk kyauta.

Abin da ya kamata kowane malami ya haddace kamar jadawalin sau shi ne lokaci. Akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki, ana shansa kwana 28, amma tilas a fara shi cikin awa 72, watau kwana uku, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa iyakarsa kwana biyar. Akwai allurar rigakafin ciwon hanta, da maganin ciwon sanyi, da ɗinkin rauni. In ana son shaida ta yi ƙarfi, gara a je kafin a yi wanka, a naɗe tufafin da ke jikinta a takarda, kada a sa a leda. In kuwa ta riga ta yi wanka, ko kwanakin sun wuce, a tafi duk da haka, gama gwaji da sauran magani da shawara ba su da ranar rufewa.

Ga inda gizo ke saƙa. Cikin ɗakuna huɗun nan babu ko ɗaya a yammacin jihar. Daga garin Birnin Gwari zuwa Kaduna ya fi mil 70, balle wadda za ta taso daga Randagi ko Kakangi, ko daga Kuyello da Dogon Dawa. A ƙarshen 2021 ma an yi kusan wata biyu layukan waya a rufe saboda yaƙi da 'yan bindiga, ko kira ba ya yiwuwa. Yarinya 'yar shekara 15 ba ta da kuɗin mota, ba ta da dalilin da za ta faɗa a gida na zuwa Kaduna, kwana ukun nan kuwa ba sa jiran kowa. Kwanakin da a ke ɓatawa ana zaman sulhu a zauren mai unguwa su ne daidai kwanakin maganin. Lalle ya kamata a ce akwai ɗakin Salama a babban asibitin garin, mai sunan Sarki Jibril Mai Gwari, mu kuwa muna roƙon Gwamnati ta dubi wannan. Kafin a samu, ƙofar da ta fi kusa da yaro ita ce makaranta.

Amintacciyar makaranta

Jami'o'in Amurka sun daɗe da cin karo da wannan matsala, abin da suka koya kuwa zai amfane mu. A 1972 aka yi dokar da ta hana nuna bambanci tsakanin mace da namiji a makarantun da ke karɓar kuɗin Gwamnati, daga baya kotuna suka ce cin zarafi ta hanyar lalata yana ciki. A 1986 aka yi wa wata ɗaliba, Jeanne Clery, fyaɗe aka kashe ta a ɗakin kwananta a wata jami'a ta Jihar Fensilbeniya. Iyayenta suka tsaya har aka yi doka da sunanta a 1990, wadda ta tilasta wa jami'o'i bayyana yawan laifuffukan da a ke yi a cikinsu. Jami'o'i da yawa suka ɗora wa ma'aikatansu cewa duk wanda ya ji irin wannan labari tilas ya kai ofis. Sai aka lura ɗaliba in ta san maganarta za ta zama fayil nan take, ba ta faɗa wa kowa. Don haka aka ware waɗansu mutane daban, aka sanar da ɗalibai cewa abin da aka gaya wa waɗannan ba ya fita sai da yardar mai shi. Su ne ke raka ta asibiti, su nema mata canjin ɗaki ko ɗage jarrabawa, su zauna kusa da ita in ta zaɓi kai ƙara.

A nan gida mun ga abin da rashin irin wannan ke jawowa. A 2018 sai da wata ɗalibar Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife ta naɗi muryar wani farfesa yana neman ta da lalata don ya ba ta maki, muryar ta zaga ƙasa, kafin a kore shi, kotu ta ɗaure shi shekara biyu a watan Disamba. Ta sami gaskiyarta, amma sunanta ya shiga bakin duniya. A watan Oktoba 2019 BBC ta nuna fim ɗin da ta ɗauka a ɓoye a Jami'ar Ikko da Jami'ar Gana, a wannan wata kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta kori waɗansu ma'aikatanta, cikin laifuffukansu har da neman ɗalibai. 'Ya'yan Birnin Gwari da ke karatu a Zariya da Kaduna a irin waɗannan wurare su ke. Ba kowace ce za ta iya abin da 'yar Ife ta yi ba, bai kuwa kamata sai an tona wa kai asiri a gaban ƙasa kafin a sami adalci ba.

Wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. Kowace yarinya ta san goggon da a ke gaya wa abin da ba a gaya wa uwa. Abin da ya rage shi ne makaranta ta zaɓi mutum ɗaya, mace ga mata, namiji ga maza, ta faɗa a taron safe cewa ga wadda za a je wurinta. Kada a zaɓa don girman muƙami. A tambayi yara a asirce wa suka yarda da ita, sun fi kowa sani. Inda babu malama mace, kamar yadda ya ke a ƙauyuka da yawa, a nemi ungozoma ko ma'aikaciyar ɗakin shan magani. A ba ta wurin da ba a ganin mai shiga daga ofishin malamai, a kuma sa yara su riƙa zuwa wurinta don ƙananan bukatu, ciwon mara ko rashin littafi, yadda shiga ɗakin ba zai zama alama ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ɗan littafin jagora a 2014 a kan yadda a ke karɓar wadda aka cuta, kuma abin da ke ciki bai fi ƙarfin malamin firamare ba. Farkonsa saurare. A bar ta ta faɗa da bakinta, in ta yi shiru a jira. Kada a ce me ya kai ki, ko me ya hana ki ihu, ko me kika sa. A gaya mata an yarda da ita, kuma ba laifinta ba ne, gama watakila ba wanda zai gaya mata haka a duk garin. A tambaye ta abin da ta fi bukata yanzu, da ko akwai hatsari in ta koma gida yau. Sa'an nan a nuna mata inda taimako ya ke. Amintacciya ba alƙali ba ce, ba ta bincike, ba ta kiran wanda a ke zargi don a yi gaba da gaba. Sau da yawa ma yarinya ba za ta faɗa kai tsaye ba. Mai ƙoƙari ce ta koma barci a aji, ko ta daina zuwa ranar darasin wani malami, ko ta firgita in an rufe ƙofa. Kukan kurciya jawabi ne.

Amanar nan tana da iyaka, tilas kuwa a faɗi iyakar tun kafin a fara magana. Babbar mace, ɗalibar kwaleji ko matar aure, ita ke da ikon maganarta dukanta, ko da ta ce ba ta kai ƙara, ko ta ce za ta koma ɗakin mijin da ya doke ta. A gaya mata gaskiyar hatsarin, a shirya da ita inda za ta gudu in dare ya yi tsanani, a bar mata ƙofa a buɗe. Amma yaro ƙarami, wanda Dokar Kula da Yara ta Jihar Kaduna ta 2018 ta ɗora wa hukuma kāre shi, ba a yi masa alkawarin shiru ɗungum. Sai a ce, “'Yata, abin da kika gaya mini ba zai zaga ba. Amma in akwai mai cutar da ke har yanzu, sai mun gaya wa wanda zai hana shi, ni da ke za mu zaɓi ko wane ne, ba kuwa zan yi a bayan idonki ba.” In wanda a ke zargi malami ne, a raba shi da aji nan da nan har a gama bincike. Hedimastan da ya nema masa canji don a huta ya aika da kura garken wani ne.

Ku kuma akawuna, na ofishin ilmi da na asibiti da na kotu da na fada, rabonku a wannan aiki ba ƙarami ba ne, domin ta hannunku takarda ke bi. Yawancin asirin da ke tonuwa a ofis ba da mugunta ba ne, fayil ne aka bari a kan tebur aka tafi salla, masinja ya buɗe. Kada a rubuta suna a bangon irin wannan fayil, a sa lamba, littafin lambobin ya zauna a kulle wurin mutum ɗaya. Kada a ɗauki hoton takarda a aika ta WhatsApp, ko da shugaba ne ya nema. In za a rubuta takardar canjin makaranta, ba dole ba ne a faɗi dalili. Yarinyar da ta yi wata huɗu a hannun 'yan bindiga kada a soke sunanta daga rajista a ce ta daina zuwa, a ajiye mata gurbinta, in lokacin rajistar jarrabawa ya zo a tuna da ita. Lissafi kuma a riƙa aikawa sama ba tare da suna ba, mutum kaza a wata kaza, don Gwamnati ta san inda za ta kai magani.

A ƙarshen watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi waɗansu 'yan bindiga da suka ce sun tuba, aka buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe, motoci suka koma bin hanya. Duk wanda ya san wahalar da talakawa suka sha ba zai raina wannan ba. Amma a zaman sulhu maza ke zama, abin da a ke lissafawa kuwa shanu ne da gonaki da bindigogi. Matar da aka tsare a daji tana iya haɗuwa da wanda ya tsare ta a kasuwa ranar cinta, yana ciniki. Yaran da aka haifa a can sun fara isa shiga aji ɗaya, malami ne zai rubuta sunansu, shi ne kuma zai ji abin da sauran yara ke kiransu da shi a filin wasa.

Shugaban makarantar da ya karanta wannan, abin da zai iya yi cikin makon nan ba ya bukatar izini daga Kaduna. Ya je asibiti ya tambayi likita ko akwai maganin kwana 28 ɗin nan a ajiye, da wanda ke riƙe da mabuɗinsa in dare ya yi ko ranar hutu. Ya nemi lambar wayar ɗakin Salama na Tudun Wada da na Kakuri da na Zariya ya ba amintacciyar makarantarsa. Ya yi magana da shugaban iyayen yara a ware kuɗin motar mutum biyu zuwa Kaduna da dawowa, a sa a ambulan, a ba ta ta riƙe, ba tare da an ce sai ta faɗi sunan wadda aka kashe wa ba.